Roƙon da Ba Roƙo Ba

Saƙon ya same ni da hantsi, ranar da ruwa ya zo layinmu daga tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonakin ƙauyenmu na kusa da Wad Haddad. Ina tsaye a bakin hawashata, gonar da na gada daga mahaifina, ina duba yadda ruwan ke bin kunyoyin auduga, sai wani direban lori mai jigilar dawa tsakanin Abu Hujar da Madani ya tsaya a kan hanya, ya sauko ya nufo ni. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo fiye da yadda ya saba, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya sake tambayar waɗanda ya riga ya tambaya. Tun daga nan na san abin da ke bakinsa ba mai daɗi ba ne. Da kewaye-kewayen ya ƙare, ya ce Malam na Abu Hujar yana gaishe ni, ya kuma ce a dakata da maganar da ke tsakaninmu, domin a gidansu ba a taɓa ba maroƙi 'ya ba, kuma ba a kansa za a fara ba.

Na sa ya maimaita. Ya maimaita, bai sauya ko kalma ɗaya ba. Ruwa ya ci gaba da shiga gonar har ya tsallake kunyar da na yi niyyar toshewa, ban lura ba sai da ya jiƙa mini takalma.

Maganar da ke tsakanina da Malam ita ce nema wa ɗan ƙanena aure. Ƙanena ya rasu yaron bai kai shiga makaranta ba, ni na riƙe shi, a akushina ya ci har ya girma. Ya yi karatun gwajin jini a Madani, ya sami aiki a wani ƙaramin asibiti a Rufa'a. A wurin karatun ne ya haɗu da 'yar Malam, wadda ke koyon aikin magunguna. Suka daidaita tsakaninsu, muka je gaisuwa, aka karɓe mu hannu biyu. Abin da ya rage shi ne bincike, wanda kowane gida mai mutunci ke yi kafin ya ba da 'ya. Ban taɓa ɗauka binciken zai zo da wani abu ba. Na san gidan Malam ba a wasa da shi: jikokin mutanen da suka baro ƙasar Sakkwato a ƙafa ne, suka gwammace nisan hanya da zama ƙarƙashin Nasara, kuma har yau ba a buga ganga a bikinsu. Amma mu ma ba daga sama muka faɗo ba.

Na yi rayuwar aikina ina magatakarda a ofishin rabon ruwa, kuma ban taɓa sa hannu a kan abin da ban tabbatar ba. Na san asalinmu tun daga kakan da ya taso aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin nan, ya zauna. Manoma ne, sai tela ɗaya da malaman allo. Babu wanda ya taɓa rataya kalangu, babu wanda ya taɓa tsayawa ƙofar mai hali yana jero masa kirari. Ba na raina maroƙa, kowa da sana'ar da Allah ya hore masa. Amma a ɗauki sana'ar da ba ta mutum ba a rataya masa, a kuma rufe masa ƙofa saboda ita, wannan zalunci ne, ko da wanda ya yi shi malami ne.

Na bar ruwan na koma gida, na fara tambayar ko wani baƙo ya zo ba na nan. Aka ce ƙwarai, ranar da na tafi Madani ganin likitan ido, wani dattijo ya zo daga Abu Hujar, ƙanen Malam ne, bai sami kowa ba sai Inna. Inna mahaifiyata ce, kakar yaron. Hausarta irin ta mutanen da ce, ba ta gauraya ba, Larabcinta kuwa bai wuce na cinikin albasa ba. Na same ta a ƙarƙashin rumfa tana soya gahawa. Da na tambaye ta abin da ta gaya wa baƙon, sai fuskarta ta washe, kamar wadda ta daɗe tana jiran a tambaye ta.

"Gaskiya na hwaɗa mai," in ji ta. "Na ce mijin nan nawa, in ya zo hutu, ba shi da aiki sai roƙo. Shi hau angareb, gadon igiyan nan, shi rufe ido, shi toshe kunne, shina kaɗa kai kamar 'yan zikiri, har gumi shi karyo mai. Na ce yaran zamani wa ka gani haka?"

Na zauna a kan turmi. Na bi ta a hankali, tambaya bayan tambaya, kamar yadda nake bin manomin da ya zo da ƙorafin an sace masa ruwa. Ashe ta taɓa tambayar jikan nata abin da yake yi in ya toshe kunne, ya amsa mata da wata kalma guda, ita kuma kunnenta ya ji roƙo. Wane roƙo kuwa yaro mai tarbiyya zai yi ido rufe, in ba roƙon Allah ba? Baƙon ya tambaye ta ko akwai kiɗa a ciki, ta ce akwai, ta taɓa kai kunne ta ji ganguna, irin na masu yabon Annabi a lokacin Maulidi. Ya tambaye ta ko shi kaɗai yake yi, ko yana yi wa mutane. Ta ce ai a Rufa'a samari har taruwa suke yi a ɗakinsa, yana ba su, su ma suna ba shi. Daga nan, in ji Inna, baƙon ya kurɓe gahawarsa da zafinta, ya ƙi jiran abinci, ya tafi. Ita ta ɗauka kunyar surukuta ce.

Na shiga lissafin ɓarnar. Inna ta faɗi roƙo tana nufin na Allah, baƙo ya ji roƙo ya ɗauka na mutane, akwai kuma na uku, wanda yaron ya faɗa, wanda ni kaina ban san ko mene ne ba. Ban yi wa Inna faɗa ba. Ba a yi wa uwa faɗa, kuma a iya saninta ba ta faɗi ƙarya ba.

Na kira yaron a waya na ce ya zo. Ya iso ranar Alhamis bayan la'asar, muka shiga ɗakin baƙi, na rufe ƙofa, na gaya masa saƙon Malam da bayanin Inna, ban rage ba, ban ƙara ba. Da farko dariya ta ƙwace masa, har ya dafe ciki. Bai kai ƙarshenta ba ta mutu a bakinsa, domin ya gane abin da ke shirin kuɓuce masa. Ya ce, rabi da Hausa rabi da Larabci kamar yadda tsaransa ke magana, ba roƙo ya ce wa kakarsa ba, rok ya ce, wani irin kiɗan Turawa ne. Na ce na yi Turanci a makaranta tun uwarsa ba ta yi wayo ba, kalmar nan tana nufin dutse, kuma ban taɓa jin dutse ya yi waƙa ba. Ya ce suna ne kawai. Na ce sunan ne ya kai mu inda muke, saboda haka ya kunna in ji, domin ba zan je Abu Hujar in ba da shaida a kan abin da kunnena bai ji ba.

Ya yi jinkiri, sa'an nan na ga wani haske a fuskarsa wanda bai dace da halin da muke ciki ba. Daga baya na fahimci dalili: a gidan nan babu wanda ya taɓa ce masa ya kunna. Ya miƙo mini ɗaya daga cikin 'yan abubuwan da yake toshe kunne da su. Na ƙi karɓa. Na ce ɓoyewa a cikin kunne ita ta jawo mana wannan, ya sake shi a fili. Ya ɗora wayar a kan tebur, ya ce wannan ita ce wadda ya fi so duka, ya danna.

Ban san da me zan kwatanta abin da ya fito ba, sai da abubuwan da na sani. Akwai ƙarar da injin jan ruwa ke yi in ƙarfensa ya ci juna, man ya ƙare, mai shi ya ƙi kashewa. A ɗora mata ƙarar kwanon rufi ana jansa a kan tsakuwa. A ƙarƙashinsu wani yana dukan ganguna kamar sun yi masa laifi. Can sai wani mutum ya shigo da murya, ba waƙa yake yi ba, kururuwa yake yi irin ta wanda amalanke ya taka wa ƙafa. Kajin tsakar gida suka watse. Maƙwabcinmu ya leƙo ta kan katanga yana tambayar ko lafiya. Ni da na tashi da waƙoƙin rediyo masu garaya da natsuwa, na kuma ɗauka makaɗan Khartum masu jita da ƙaho, waɗanda mutane ke kira jaz, su ne iyakar inda hayaniya za ta kai, na zauna baki buɗe kamar baƙauyen da ya fara ganin jirgin ƙasa.

Na dubi yaron. Idonsa a rufe, kansa yana sauka yana tashi. Wallahi Inna ba ta yi kuskuren gani ba, in da daga nesa na hango shi, ni ma cewa zan yi zikiri yake.

Da ta ƙare na tambaye shi ko mutumin lafiyarsa ƙalau. Ya ce ƙalau, in saurari abin da ke ƙasa, wata jita mai kaurin murya wadda ke riƙe da sauran kamar yadda ginshiƙi ke riƙe da rumfa. Na ce ban ji ginshiƙi ba, rushewa na ji. Bai karaya ba. Ya shiga jero mini su kamar mai gabatar da abokansa: wannan da safe yake jin ta kafin ya zauna gaban madubin gwaji, wannan a mota, wannan abokinsa na Rufa'a ya fi so amma shi yana ganin makaɗin gangar ya cika gaggawa. Har da masu kyau da marasa kyau a cikin wannan abu, har da gardama a kan wanda ya fi wani. Yaron da za a yi wuni ba a ji muryarsa ba, wanda amsarsa ba ta wuce to da na'am, ga shi yana magana hannu yana tashi. Na yi shekaru ina zaton na san duk abin da ke cikinsa.

Sa'an nan ya rage murya ya ce akwai wata, wadda ba ya kunna wa kowa. Ta fara a hankali, jita guda, kamar mai tafiya a ɗakin da ake barci. Turancina na wasiƙun ofis ne, bai kama kalmomin ba, sai da yaron ya maimaita mini su. Wani mutum ne ke ba da labarin ya koma garinsu, ya tsaya a ƙofar gidan da ya girma, ya rasa wanda zai yi wa sallama. Da aka kai tsakiya sai gangunan suka faɗo, kururuwar ta dawo, amma a wannan karon na san abin da yake yi wa kururuwa. Yaron ya ce yana jin ta ne in ya tuna babansa. Tun ranar da muka dawo daga maƙabarta yana riƙe da yatsana, ban taɓa jin ya ambaci mahaifinsa ba. Na ɗauka ya manta, har nakan gode wa Allah da ya sauƙaƙa masa. Wannan ya fi duk ƙarar da na ji girgiza ni. Na ce ya sake kunna ta, domin in tabbatar da kalmomin.

Kafin magariba na tsara hujjata. Na sa ya fassara mini waƙoƙin da dama, na lura babu inda aka yabi wani mai hali, babu inda aka ambaci sunan wani don ya ba da kyauta, babu wanda ya miƙa hannu. Yawanci kuka ne, ko ƙorafi a kan masu iko. Yaron kuma ba ya kaɗawa, ba ya rerawa, saurare kawai yake yi. Na ce da asuba za mu kama hanya.

Muka shiga mota zuwa Sinnar, daga can muka canja wata. Bayan mun wuce Sinja, inda hanya ke bin kogi, gonakin ayaba da mangwaro suna bayyana suna ɓacewa, na yi masa tambayar da ta kwana a raina: wa ya jefa shi cikin wannan? Na ɗauka zai ce wani abokin banza na birni. Ya amsa yana kallon taga.

"Baba, ita ce."

Na ce wace ita. Ya ce 'yar Malam. A makaranta ya ga tana kaɗa yatsa a kan littafi, ya tambaye ta, ta tura masa waƙa ta farko, wadda ta watsa mini kaji. Da wannan suka fara magana, kafin su san sunan garuruwan juna. Na tuno yarinyar da ta kawo mana ruwa ranar gaisuwa, ta durƙusa har ƙasa, ba ta ɗaga ido ba, muryarta sai an kasa kunne. Na yi ta salati a zuci. Ya roƙe ni kada in faɗa. Na ce masa ya san ni: ba zan tayar da maganar ba, amma in aka tambaye ni ba zan yi ƙarya ba, ban yi wa mufattishi, mai duba aikinmu a ofishin ruwa, ba, ba zan yi wa malami a zaurensa ba.

"In laifi ne, a bar shi a kaina," in ji shi. "Ni namiji ne, ana faɗa a manta. Ita in aka faɗa, ya zauna."

Muka sauka a Abu Hujar.

Mun sami Malam a zaure bayan sallar Juma'a, littattafai a gefensa, ƙanensa mai binciken yana zaune kusa da ƙofa. Aka gaisa yadda ya kamata, amma ruwan da aka kawo wani yaro ya kawo shi, ba ita ba. Na nemi izini na yi bayani daki-daki: abin da yaron ya faɗa, abin da Inna ta ji, abin da baƙo ya ɗauka. Ƙanen Malam ya harzuƙa, ya ce shi ba kurma ba ne, daga bakin kakar yaro ya ji, ta ce yana ba su suna ba shi, in ba maroƙi ba wa ake ba? Na ce waƙoƙi suke musaya ta waya, kamar yadda mata ke musayar irin kuɓewa. Ya ce shi a zamaninsa in an ce roƙo, roƙo ne. Malam ya ce masa a zamaninsa ma yakan tashi kafin a gama magana, shi ya sa har yau bai san ƙarshen hadisi ko ɗaya ba. Na ga gefen bakin Malam ya motsa a kan labarin Inna, na ce a raina an fara samun sauƙi.

Sai na kawo hujjata, wadda na kwana ina gogewa. Na ce waɗannan mawaƙa ba sa yabon kowa, ba sa neman komai a hannun kowa. Malam ya tambayi to me suke faɗa. Na ce yawanci kuka ne da sukar masu iko.

"Zambo ke nan," in ji Malam. "Zambo kuwa ƙanen roƙo ne, uwarsu ɗaya."

Hujjar da na ɗauko tun daga Wad Haddad ta faɗi a tsakiyar zaure, kuma a gaskiya ban ga ta inda zan ce bai yi daidai ba.

Malam ya juya wajen yaron ya ce ya kunna. A mota na riga na ba shi shawara, in an kai nan ya zaɓi mai sanyin farawa. Kamar Malam ya ji mu, ya ce ba wadda baffansa ya zaɓa masa ba, wadda shi ya fi so. Yaron ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya danna ta farko.

Abin da kajina suka ji, shi littattafan Malam suka ji. Ƙanensa ya yi a'uziyya da ƙarfi, ya janye ƙafafunsa kamar ruwa ya shigo. Almajirai biyu da ke wucewa suka tsaya cak. Ni kuwa na sunkuyar da kai, ina jin kunyar da ban taɓa ji ba, ina tunanin kakannin mutumin nan da suka keto sahara don kada kunnensu ya ji irin wannan. Malam bai motsa ba. Ya zauna yana kallon wayar kamar mai karanta rubutun da tawada ta cinye. Da aka kai inda mawaƙin ke komawa kan amshi, sai ya ɗaga hannu. Yaron ya kashe.

"Na san wannan," in ji Malam.

Ƙanensa ya ce haba Yaya, a ina. Malam ya ce ba hayaniyar ya sani ba, karin da ke ƙarƙashinta ya sani. Ya ɗan rera shi a maƙogwaro, gajere, kuma na rantse daidai ya rera. Ya ce kullum da safe yana jin sa ta bayan bangon nan, lokacin da ake yin kisra, wainar dawar nan mai faɗi, ana gunguninsa a hankali. Ya ɗauka irin waƙoƙin Habasha ne da rediyo ke kamowa a wannan yanki. Daga cikin gida muka ji faranti ya faɗi, ya yi ta juyawa a ƙasa kafin ya kwanta.

Malam ya dubi yaron. "Kai ka kawo wanga abu gidana, ko daga gidana ka ɗauko shi?"

Yaron bai ce komai ba. Malam ya sake tambaya, ya ƙara da cewa ya yi tunani kafin ya amsa, domin in daga gidan nan abin ya fito, shi Malam ba shi da bakin da zai hana kowa ɗiya saboda abin, in kuwa daga waje ya shigo, wannan wata magana ce. Ya buɗe masa ƙofa ke nan, har ya nuna masa ita da yatsa. Kalma ɗaya ta isa ta wanke shi, kuma kalmar gaskiya ce.

"Allah gafarta Malam, ni nake saurare, ni aka ji," in ji shi. "Ban da wannan ba ni da abin faɗa."

Malam ya juyo gare ni. Na riga na shirya amsata, domin ba ni da wata sai ita, kuma na san in na faɗe ta na wanke yaron, na kuma rasa shi. Ya daɗe yana dubana.

"Kai ba ni tambayarka," in ji shi. "An ce ba ka iya ƙarya ba."

Sa'an nan ya dubi ƙanensa ya tambaye shi ko ya taɓa ganin maroƙin da aka ba fili ya kame bakinsa. Ƙanen ya ce bai taɓa ba. Malam ya ce to, ya leƙa ciki ya ce a kawo shayi, kuma wadda ta yar da farantin ita za ta kawo.

Ta kawo. Ba ta dubi kowa ba. Malam bai ce mata komai ba sai cewa sukari ya yi yawa. Da ta fita ya ce maganar aure tana nan inda aka bar ta, da sharaɗin ba za a ji wannan abu a ranar biki ba, kuma kiɗan ba zai sake shiga zaurensa ba muddin yana da rai. Na ce wannan sharaɗi ko shi bai sa ba ni zan sa. Muka yi fatiha.

Aka ɗaura aure bayan an cire auduga, ba ganga, ba jita. Da na ba Inna labarin yadda aka yi, ta ƙi yarda ta yi kuskure. Ta ce ita dai ta ga yaro yana roƙo, ga shi kuwa an amsa masa, in muna da wata fassara mu riƙe abinmu.

Na kai musu ziyara Rufa'a bayan sun tare. Amarya ta durƙusa ta gaishe ni kamar ranar farko, ta kawo abinci, ta koma gefe. Can da hira ta yi nisa, mijin ya fita sayo ƙanƙara, ta tambaye ni da muryar nan tata da sai an kasa kunne, wacce na fi so a cikin waɗanda aka kunna mini. Na ce babu ko ɗaya, kuma har gobe ina ganin wanda ya sa musu sunan dutse ya san abin da yake yi. Ta ce an gaya mata akwai wadda na sa aka maimaita. Na ce don tabbatar da kalmomi ne. Ta ce to, Baba. Sa'an nan ta ƙara da cewa kada in yi wa waƙoƙin hukunci da zaɓin mijinta, shi masu taushi yake so, tun a makaranta take yi masa tsiya a kan haka. Nata sun fi nauyi nesa ba kusa ba, in ina so ta kunna mini ɗaya in ji bambanci.

Na ce ta bari sai na gama cin abinci. Da na gama na ce lokacin la'asar ya yi, na nemi buta.